Tambaya da Amsa: Na'urar koyon bugun golf da masu cin kuɗin rajista

Wani mai walda daga Ƙofar Kaura ya rubuto cikin damuwa. Ya ƙera wani ƙarfe da ake ɗaura wa mai koyon golf a hannu, don kada sandar ta kauce idan ya ɗaga zai buga. Yana tsoron a kwaikwaya, kuma wani ya ce ya kawo kuɗi ya yi masa "rajistar duniya".

Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, Allah ya sa wa hannunka albarka. Amma kada ka ba mutumin nan ko kwabo. Takardar da ke hana a kwaikwayi ƙirƙirarka ita ake kira "patent", kuma babu wata guda da ke kare ƙirƙira a duk duniya, kowace ƙasa ko rukunin ƙasashe da tasu. A nan gida, dokar kare ƙirƙira ta 1970 ce ke aiki, ofishin rajistar kuma yana Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari. Kariyar shekara 20 ce daga ranar da ka shigar da takardu, kuma duk shekara akwai kuɗin da za ka biya, in ka daina ta mutu. NOTAP, hukumar gwamnati mai kula da samo fasaha da bunƙasa ta, tana taimaka wa masu ƙirƙira wajen shigarwa, can ya kamata ka fara.

Abin da ke ƙona min rai shi ne yadda muke zubar da kuɗi a kan takarda mai hatimi. Ofishin namu cikar takardu yake dubawa, ba ya binciken ko abin sabo ne. Sai mutum ya sayar da akuyoyin matarsa, ya karɓi takarda, ya rataye a shago, ranar da aka je kotu a nuna masa wani ya riga shi a Amurka, a soke. Na'urorin gyaran bugun golf da aka yi wa rajista a can suna da yawan gaske. Ka sa wani mai ilimi ya duba maka Google Patents tukuna, shafin intanet da ake bincika ƙirƙire-ƙirƙiren da aka riga aka yi wa rajista, kyauta ne. Kuma don Allah kada ka ɗora bidiyonsa a Facebook ko TikTok kafin ka shigar. Abin da ka bayyana wa jama'a ya daina zama sabo a idon doka. Sannan ka tambayi kanka masu saye: a Katsina folo muka fi sani, kasuwar golf ta fi ƙarfi a Abuja da Legas. In kana hangen waje, wata 12 kake da su bayan shigarwar gida ka nema a can, a lissafa maka daga ranar da ka fara shigarwa a gida.

Wani daga Daura ya ce ya yi rajistar sunan kasuwancinsa a CAC, ba shi ke nan ba? Haba Malam! Suna ka yi wa rajista, ƙirƙirarka tana nan a buɗe.

Wata baiwar Allah tana tambaya ko ɗanta zai shiga gasa da irin wannan na'ura. A'a, Hajiya, dokar wasan ta hana amfani da kayan horo ana cikin zagaye. Ki bari malaminsa ya gwada ta kafin ki biya.