Amsa: Tafiya Jamus ta faɗo kan hutun 3 ga Oktoba

Ɗan'uwa, ka ce za ka sauka Jamus dab da 3 ga Oktoba, kana tambayar yadda za ka yi kada ka yi abin kunya. To, abin da zai fara ba ka wahala ba al'ada ba ce, ciki ne.

Ranar ta tunawa ce da haɗewar Jamus ta Gabas da ta Yamma a 1990, kuma hutu ne a duk jihohi 16. A ranar hutu, kamar kowace Lahadi, doka ce ta rufe kantuna. Aldi, Lidl, har shagunan Turkawa da ake samun naman halal, duk a garƙame. Ka yi cefanenka ranar 2 tun da safe, domin da yamma cunkoso sai ka ce jajibirin sallah. In ka makara, nemi babbar tashar jirgin ƙasa ko gidan mai. Suna sayar da abinci, amma da tsada. Gidajen cin abinci da yawa na buɗewa, sai dai ka riƙe tsabar kuɗi, ba ko'ina ake karɓar kati ba. Kantin magani kuwa, a ƙofar kowanne akwai sanarwar wanda ke aikin gaggawa a kusa. Lambar likita 116117, ta gaggawa 112.

Bas da jirgi suna bin jadawalin Lahadi, wato sun ragu. Tikitin takarda a birane irin Berlin sai ka buga masa hatimi a na'ura kafin tafiya. In ba haka ba, tarar Yuro 60 ce, kuma "ni baƙo ne" ba ta ceto.

Inda baƙi suka fi ɓata wa maƙwabta rai shi ne surutu. Ranar hutu ranar shiru ce gaba ɗaya: ba kiɗa da ƙarfi, ba buga ƙusa, ba jefa kwalabe a kwandon gilashi na unguwa. Hira a waya kana ɗaga murya a baranda bayan ƙarfe 10 na dare ma tana iya jawo ƙwanƙwasa ƙofa.

Kada ka sa ran ganin tutoci a kowane gida. Saboda tarihinsu, Jamusawa ba sa son alfahari da ƙasa a bainar jama'a. Babban bikin yana zagayawa ne jiha-jiha kowace shekara, don haka duba birnin da ya karɓi na bana. Gaisuwar 'yan Nazi kuwa, wato miƙe hannun dama sama irin na magoya bayan Hitler, ko da wasa, laifi ne da kan kai mutum kotu.

In an gayyace ka gida, ƙarfe 7 ƙarfe 7 ne. Ka ce "Sie", wato "ku" na girmamawa a Jamusanci, ga wanda ba ka saba da shi ba. In ba ka musafaha da mata, dafa ƙirji ka gaishe ta da fara'a, kada ka bar hannunta a miƙe ka kau da kai. A tebur ka lura da kalmar "Schwein", naman alade ke nan.

Tun 1997, a wannan ranar ce masallatai da dama ke buɗe ƙofa ga waɗanda ba Musulmi ba. In mai masaukinka Bajamushe ne, gayyace shi ku je tare.