Ruɓar da dagwalon najasa yana kashe ƙwayoyin cutar da ba sa jin magani?

Tambaya: Malam, barka da aiki. An ba ni dagwalon da ke kwantawa a tankin matatar ruwan najasa, aka ce in na ruɓar da shi zai zama taki mai kyau. Sai wani ya ce mini yana ɗauke da ƙwayoyin cutar da ba sa jin magani. Ruɓarwar tana kashe su kuwa?

Amsa: Malam, mutumin nan bai yi ƙarya ba. Duk abin da ya fita daga cikin jama'a, mai lafiya da marar lafiya, a dagwalon nan yake taruwa: bakteriya irin su Salmonella da E. coli, ƙwan tsutsar ciki, har da ragowar magungunan da mutane suka sha suka fitar.

Abin da ke kashe su shi ne zafi, ba daɗewa kawai ba. In ka gauraya dagwalon da garin katako ko busasshiyar ciyawa, iska tana shiga, damshi ya daidaita yadda in ka matse da hannu zai dunƙule ba tare da ruwa ya tsiyaye ba, tulin zai ɗauki zafi da kansa. Dokar hukumar kare muhalli ta Amurka ta 1993 ta ce tulin da ake juyawa ya riƙe digiri 55 na Selsiyas aƙalla kwana 15, a juya shi sau 5 a cikinsu. Juyawar nan ita mutane ke yi wa kasala. Ka tona tsakiya ka ga tururi na tashi, ka taɓa gefe ka ji shi sanyi ƙalau. To a gefen nan ƙwan tsutsa ke laɓewa, shi kuwa taurin rai gare shi.

Bakteriyar da ba ta jin magani ba ta fi sauran jure zafi ba, mutuwa take yi. Matsalar ita ce gadon da take bari. Sirrin bijire wa maganin yana rubuce ne a ƙwayoyin gadonta, sau da yawa a wani ɗan zobe da ake kira filasmid, wanda bakteriya ke miƙa wa juna ko da ba jinsi ɗaya ba ne. Zafi yana rage ƙwayoyin gadon nan, amma ba ya share su duka, kuma in tulin ya huce wasu kan sake yawaita. Ƙarafa irin su tagulla da zinki ma ba sa ruɓewa, suna kuma taimaka wa masu taurin kan su wanzu.

Ni dai ba zan zuba shi a ganyen da ake ci ɗanye ba, sai an gwada shi a ɗakin gwaji. A itatuwa, da sauƙi. Ka nemi ma'aunin zafi mai dogon tsinke, kana rubuta abin da ya nuna kullum, ka sa safar hannu, kuma kada shebur ɗin da ya taɓa ɗanyen dagwalo ya taɓa wanda ya nuna.