Amsa ga ɗan'uwan da ya tambaya ko ana ganin Andromeda daga Tahoua

Salamu alaikum jama'a. Ɗan'uwa, ka ce ka ga hoton galaksin Andromeda (galaksi wani gagarumin tarin taurari ne) a Facebook, an rubuta wai ana ganinta da ido kawai, kana so ka san ko gaskiya ne, kuma ko sai ka sayi madubin hangen nesa. Gaskiya ne, ana ganinta, kuma Tahoua ta fi Yamai sauƙi saboda fitilu ba su kai na can yawa ba. Amma ka cire wancan hoton daga ranka tun yanzu. Na'ura ce ta daɗe tana tara haske kafin ya fito haka. Abin da idonka zai ba ka ɗan dushi-dushi ne mai tsawo, ba launi, ba hannuwan nan masu murɗewa. Yawancin waɗanda na nuna wa sun ce "shi ke nan?" kafin su ji labarinta.

Lokaci ya fi kayan aiki muhimmanci. Ka nemi ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, damina ta wuce ta wanke sama, hunturu bai kawo hazo ba tukuna. Da ƙura ta tashi, aikin ya lalace, ko da a daji kake. Ka zaɓi daren da ba wata. Ni nakan fita bayan sallar isha'i in bi hanyar Agadas har hasken gari ya koma bayana. Wajen ƙarfe 9 zuwa 10 ka fuskanci arewa, za ka ga taurari 5 masu haske sun yi siffar harafin M, su ne Kasiyofiya. Ka bi ƙololuwar hagu ka yi sama da ita, kamar tsawon dunƙulen hannu ɗaya da rabi in ka miƙe hannunka. A nan take. Kada ka taɓa waya, domin ido na buƙatar wajen minti 20 kafin ya saba da duhu. Kuma kada ka zuba mata ido kai tsaye, ka ɗan kauda shi gefe, gefen ido ya fi kama haske mai rauni.

Zancen sayayya kuwa, shawarata ka bar ƙananan madubin nan masu ƙafa uku da ake tallatawa da arha. Rawa suke yi, kuma abin da suke nunawa ya yi ƙunci, alhali Andromeda faɗinta a sama ya ninka na wata kusan sau 6. Madubin ido biyu na hannu, ko na aro ne, ya fi su nesa ba kusa ba. Da shi za ka gane tsakiyarta mai haske da yadda ta karkace kamar faifan da aka jingina. Faifai ce kuwa, muna kallonta ta gefe-gefe, shi ya sa take fitowa da tsawo.

Abin da ya sa ban gaji da ita ba shi ne tsawon lokacin da mutane suka yi suna kallonta ba su san mece ce ba. Rubutu mafi daɗewa da aka sani a kanta na Abdurrahman al-Sufi ne, masanin taurari na ƙasar Farisa, cikin littafinsa na siffofin taurari a wajen shekara ta 964, inda ya kira ta ɗan gajimare. Shi ma da ido ya gan ta. Simon Marius na Jamus ya duba ta da madubi a 1612, Charles Messier na Faransa ya sa ta lamba 31 a jerinsa a 1764, daga nan sunan M31 ya samo asali. Duk da haka ana ɗauka hayaƙi ne a cikin galaksinmu, wannan farar hanyar da ke ratsa sama. Har a 1920 masana taurari biyu na Amurka, Harlow Shapley da Heber Curtis, sun yi muhawara a Washinton a kan haka, ba a rabu da matsaya ba.

Wadda ta buɗe ƙofar mace ce, Henrietta Leavitt. Ta gano cewa akwai wasu taurari da haskensu ke ƙaruwa yana raguwa a kan ƙa'ida, kuma wanda ya fi jinkirin zagayowa ya fi haske na ainihi. Ke nan in ka ƙirga kwanakin zagayowar, ka san ainihin haskensa. In ka gwada da yadda yake dushewa a idonka, ka san nisansa. A Oktoba 1923 masanin taurari Edwin Hubble ya tsinci irin wannan tauraro a cikin Andromeda da madubin inci 100 na dutsen Wilson a Amurka. Lissafinsa ya ba shi wajen shekarar haske 900,000 (shekarar haske ita ce nisan da haske ke tafiya cikin shekara guda). Ya gaza ainihin nisan, amma ya isa ya nuna cewa tana waje da galaksinmu kwata-kwata. Yau an san nisanta ya kai shekarar haske miliyan 2 da rabi, kuma taurarinta sun kai wajen tiriliyan 1, sun fi namu yawa.

Akwai wanda ya rubuto a ƙasa cewa za ta yi karo da mu. Tana matsowa kam, kilomita 110 a kowane sakan guda, amma maganar shekaru biliyan 4 zuwa sama ake yi, kuma wani bincike na 2025 ya ce yiwuwar haɗuwar rabi da rabi ce. In ka fita ba ka same ta ba a daren farko, ka turo mana ranar da lokacin da wajen da ka tsaya, mu duba inda aka samu matsala.