Amsa ga uwar da ke tambaya kan numfashin ɗanta mai wata huɗu

Sannu 'yar'uwa, Allah Ya raya mana shi. Kin ce da rana kin ƙirga numfashinsa 47 a minti ɗaya, da dare yana barci 33, yana kuka kuma ya kai 60, shi ne hankalinki ya tashi. Na daɗe ina aiki a asibitin sha-ka-tafi a yankin Argungu, kuma abin da kika gani shi muke gani kullum.

Numfashin yaro ba ya zama wuri guda. Barci yana saukar da shi, kuka da shan nono da zazzaɓi suna ɗaga shi. Don haka wannan 60 ta lokacin kuka ki ajiye ta gefe. Ki bari sai ya natsu a cinyarki, ki ɗaga rigarsa, ki zuba wa cikinsa ido. Tashi da sauka ɗaya ke nan. Ki duba agogon wayarki, ki cika minti guda cur. Wasu na ƙirga daƙiƙa 15 su ninka sau huɗu, ni ban yarda da wannan ga jarirai ba, domin sukan yi sauri, su ɗan tsaya, sannan su ci gaba.

Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya da muke aiki da shi ya danganta da shekaru. Jaririn da bai kai wata 2 ba, 60 ko fiye shi ne saurin numfashi, kuma shi sai an sake ƙirgawa a tabbatar. Daga wata 2 zuwa ƙasa da shekara ɗaya, 50. Daga shekara ɗaya zuwa 5, 40. Kin ga yana girma lambar tana sauka, 47 ɗin da ba komai ba ce yau, ga ɗan shekara biyu alamar ciwo ce. Naki yana ƙasa da 50, amma in da tari ko zazzaɓi, ki riƙa ƙirgawa safe da yamma kina rubutawa a takarda, ki tafi da ita asibiti. Tana taimaka mana ƙwarai.

Abin da ya fi lambar ɗaga min hankali shi ne ƙasan haƙarƙari. In yaro na kwance shiru, kika ga wurin yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, kada ki tsaya ƙirga, nimoniya kan zo da haka. Haka in ya ƙi kama nono, ko yana aman duk abin da ya sha, ko ya yi jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa da sauƙi. Musamman da hunturu, ga ƙura ga hayaƙin murhu a ɗaki, iyaye kan ce mura ce, a shafa man zafi a kwana biyu. Don Allah in kin ga ɗaya daga cikinsu, ko tsakar dare ne, ki tashi maigida ku nemi mashin ku tafi asibiti.