Lilon jirgin ƙasa: wa zai hau, wa zai tsaya a ƙasa?

Wata uwa daga Tudun Wadan Zariya: Da Sallah za mu kai yara wurin wasa a Abuja. Babban shekararsa 11, ƙaramar 6, duk sun nace sai sun hau lilon nan mai gudu a kan dogo. In saya musu tikiti?

Hajiya, tsawo ake dubawa a wannan lilon, ba shekaru ba. Ƙarfen da ke sauka kan cinya ko kafaɗa an yi shi ne daidai jikin da ya kai wani tsawo, a manyan lilo yawanci santimita 120 zuwa 140. Yaron da bai kai ba, ƙarfen zai kulle amma ya bar sararin da zai iya zamewa. Ki auna su da tef ɗin tela tun a gida, ki lallashi ƙaramar kafin ku kama hanya. Kada kuma ki roƙi mai kula da lilon ya ɗaga miki ƙafa. Idan ma shi ya yi tayin haka, to wurin ne bai kamata ki amince da shi ba.

A ƙofa ki tambaya ko kuɗin shiga ya haɗa da hawa, don a wurare da yawa kowane lilo da kuɗinsa. Sayi na hawa ɗaya tukuna. Yaron da ya fi cika baki zai iya saukowa ya ce ya ƙoshi.

Sai kayan Sallah, wanda mutane ba sa kawowa a rai. Mayafi da dogon hijabi a tattara bakinsu a cusa cikin riga, kada iska ta kai su ga taya. Babbar riga a tuɓe, hula da waya a bar wa wanda ke ƙasa.

Wani ɗalibi daga Samaru: In aka ɗauke wuta muna sama fa?

Yawancin irin wannan jirgin ba shi da inji. Sarƙa ce ke jan sa zuwa tudun farko, daga nan nauyinsa ke gangarar da shi har ƙarshe. Ƙaras-ƙaras ɗin da kake ji wajen hawa haƙorin ƙarfe ne da ke hana jirgin komawa baya, birkinsa kuma kamewa yake yi idan wuta ta tafi. Abin da zai same ka zaman jira ne. Kada ka taɓa ƙarfen da ya riƙe ka, kada ka yi yunƙurin sauka sai ma'aikata sun zo.

Wani magidanci daga Sabon Gari: Ina da hawan jini, kuma mota ma tana sa ni jiri.

Malam, ka riƙe wa yara takalma. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai ciwon baya ko wuya, da mai juna biyu, ba a so su hau. Wanda jiri kaɗai ke damu ya zauna a tsakiya, don kujerar baya ta fi fizga. Ya jingina kai, ya kalli gaba, kuma kada ya hau da cikin da ya cika da tuwo.