Ga ɗan'uwan da aka ce labari ya bayar a jingar Bismarck

Wa alaikumus salam ƙanina. Tun jiya da dare da na ga tambayarka take cina, don wannan jan biron na san shi. Ka ce an ba ku jinga a kan ko har zuwa wane mataki za a ce Bismarck, shugaban gwamnatin masarautar Furusiya, shi ne ya haɗa Jamus, ka cika shafi bakwai, ba ka kuskure shekara ko ɗaya ba, amma takarda ta dawo da maki ƙasa da rabi, malami ya rubuta a gefe cewa labari ka bayar, ba ka kafa hujja ba. Kana tambaya to me kuma ake so ka yi.

Bari in fara fitar da abin da ke raina. Mutum zai shafe zango guda yana karanta muku takardunsa a jere, taron Vienna 1815, sai 1830, sai 1848, sai 1862, kuna kwafa har yatsu su sage. Bai taɓa ɗaukar minti goma ya ɗora sakin layi ɗaya a allo ya ce ga yadda ake kafa hujja ba. Labari ya koya muku, ranar duba takarda kuma ya hukunta ku a kan labari. Ka bi shi ofis, ko kujera ba zai nuna maka ba, sai ya ce je ka ƙara karatu. Wane karatu? Wanda ya san ranar yaƙin Sedan, inda Furusiya ta ci Faransa, ai ba karatu ya rasa ba. Abin da ya fi ƙona rai, na kusa da kai da ya rubuta shafi uku ya fi ka maki, ba wanda zai gaya maka dalili, sai ka fara zargin kanka ko ka zargi an yi son kai. 'Yan kalmomi a gefen takarda, shi ke nan gyaran da aka yi wa aikin sati biyu. Allah Ya kyauta.

Sai dai duk da haushinsa da nake ji, abin da ya rubuta gaskiya ne. Gwada wannan yanzu: ɗauko takardar, ka karanta jimlar farko ta kowane sakin layi kawai, ka tsallake sauran. In ka ji suna farawa da "a shekarar kaza", "bayan haka", "daga nan sai", to kalanda ce ta tsara maka rubutun. Tambayar kuwa awo take nema. Bismarck a gefe ɗaya na sikeli, sauran dalilai a ɗaya gefen, kai kuma ka faɗi inda ya rinjaya tun a gabatarwa, cikin jimla huɗu ko biyar. Misali ka ce: ƙarfin Furusiya tarar da shi Bismarck ya yi, amma shi ya zaɓi lokaci da siffa, wato Jamus da babu Ostiriya a ciki, ƙarƙashin sarkin Furusiya, ta hanyar yaƙi uku tsakanin 1864 da 1871. Wannan magana ce da wani zai iya musa maka, shi ya sa ta zama matsaya. Cewa "dalilai da yawa ne suka haɗu" ba wanda zai musa, don haka ba maki a ciki. Kuma don Allah ranar haihuwar Bismarck da garinsu ba su da aiki a gabatarwa.

Ɗauki batun tattalin arziki, don nan ne yawanci ake zubar da maki a banza. Kowa na rubuta cewa an kafa ƙawancen kwastan na Zollverein a 1834 ƙarƙashin jagorancin Furusiya, Ostiriya na waje. Wasu su ƙara da cewa a 1815 Furusiya ta samu yankin Rhine da Westphalia, inda kwal ɗin Ruhr yake. Wasu ma su kawo maganar masanin tattalin arziki Keynes cewa da kwal da ƙarfe aka fi gina daular Jamus, ba da jini da ƙarfe ba, wato yaƙi, kamar yadda Bismarck ya ce. Duk daidai. Sai su tsaya nan, su wuce sakin layi na gaba. To an yi ba a yi ba. Tambayi kanka: in kasuwanci ne ya haɗa su, me ya sa da yaƙi ya tashi a 1866 Bavaria da Saxony da Hanover da Württemberg da Baden, duk 'yan Zollverein, suka bi bayan Ostiriya suka yaƙi Furusiya? Yawancinsu shekara talatin ana ciniki tare, ranar zaɓen ɓangare suka juya mata baya. Wannan tambaya ɗaya ta fi shafi biyu na jera shekaru, domin ita ce za ta ba ka damar cewa tattalin arziki ya ba Furusiya kuɗi da layin dogo da makamai, amma bai ba ta biyayyar sarakunan Jamus ba, sai da aka yi amfani da ƙarfi. Ka ga ka kawo dalilin, ka auna shi, ka nuna iyakarsa, ka dawo kan Bismarck. Haka kowane sakin layi zai tafi: da'awa a jimlar farko, hujja biyu ko uku masu suna da shekara, abin da zai iya rushe da'awar, sai jimlar da ta ɗaure shi da tambaya.

Soja ma haka. Moltke na shugabancin hafsoshi tun 1857, ministan yaƙi Roon ya fara gyaran rundunar kafin a naɗa Bismarck a Satumba 1862. Bindigar allura da ake ɗurawa ta baya, soja na kwance yana harbi yayin da na Ostiriya ke ɗura tasa ta baki, ba Bismarck ya ƙera ta ba. Layukan dogo biyar da suka kai sojojin Furusiya bakin daga a 1866, Ostiriya na da ɗaya, ba shi ya shimfiɗa ba. Nasa shi ne ya ci gaba da karɓar haraji yana biyan kuɗin gyaran ba tare da majalisa ta amince da kasafi ba.

Kada ka manta da maƙwabta. Rasha ta taimaki Ostiriya ta murƙushe tawayen Hungary a 1849, da yaƙin Kirimiya ya zo a 1853 zuwa 1856 Ostiriya ta ƙi rama alheri, Rasha ta riƙe abin a rai. A 1859 kuma Ostiriya ta rasa yankin Lombardy na arewacin Italiya a hannun Faransa da masarautar Piedmont. Duk kafin zuwan Bismarck. Shi ya ga ƙofa a buɗe: ya goyi bayan Rasha a tawayen Poland na 1863, ya ƙulla ƙawance da Italiya a Afrilu 1866 don Ostiriya ta yi faɗa ta fuska biyu.

In kana neman hujjar da ta fi nuna hannunsa shi kansa, ni a ganina ba wayar Ems ba ce, wato saƙon da aka aiko masa daga garin Ems a 1870 kan ganawar sarkin Furusiya da jakadan Faransa, ko da yake kowa ita yake rugawa. Abin da ya biyo bayan yaƙin Königgrätz ne, inda Furusiya ta ci Ostiriya a 3 ga Yuli 1866. Sarki Wilhelm da janarorinsa na son a shiga Vienna a yanki ƙasar Ostiriya, Bismarck ya dage a bar ta, ya haɗiye Hanover da Hesse-Kassel da Nassau da Frankfurt, ya sa jihohin kudu suka sa hannu a yarjejeniyar tsaro ta sirri. Ita ce ta jawo su bayan Furusiya da Faransa ta shelanta yaƙi a 19 ga Yuli 1870. Wayar Ems kuwa, e, ya gajarce ta har ganawar sarki da jakadan Faransa ta yi kama da cin fuska, amma ka yi hattara da yadda shi ya ba da labarin. Tarihin rayuwarsa bayan an sauke shi a 1890 ya rubuta, tsoho mai jin haushi da ke son a ce komai tun farko shi ya tsara. In ka ambaci wannan a jimla ɗaya, mai dubawa zai san kana tuhumar majiyarka.

Af, 1848, shekarar juyin juya hali. Kada ka ba ta shafi guda. Amfaninta jimla uku ne: majalisar Frankfurt ta miƙa wa sarkin Furusiya Frederick William na huɗu kambin Jamus a 1849 ya ƙi karɓa, a 1850 Ostiriya ta durƙusar da Furusiya a Olmütz, wato kishin ƙasa kaɗai bai isa ba. Ka wuce.

Na san mu nan da an ce Bismarck taron Berlin na 1884 zuwa 1885 ke faɗo mana, kuma da dalili, don a teburinsa aka amince wa Birtaniya da ikonta a ƙasan kogin Neja. Hannu zai yi ta ƙaiƙayin saka shi a kammalawa. Bari. Tambayar ta ƙare a 18 ga Janairu 1871 a fadar Versailles, inda aka shelanta daular Jamus, duk abin da ya wuce nan malami zai ja masa layi ya ce ka fita daga batu, wannan karon kuma da gaskiyarsa.

Ga jarrabawa, in minti arba'in da biyar kake da shi a tambaya ɗaya, ba wa tsari minti bakwai a bayan takardar amsa: matsaya a layi ɗaya, kanun dalilai huɗu, shekaru biyu ko uku ƙarƙashin kowanne. Za ka ga na kusa da kai ya cika rabin shafi kai ba ka fara ba, gabanka zai faɗi, ka daure. Dalilin da ya fi nauyi ka fara da shi, don in lokaci ya ƙure na ƙarshe ne zai sha wuya. Jerin shekarun nan da ka haddace kuma kada ka yar, ka tattara su a shafi ɗaya ka manna a bango, daga nan za ka riƙa tsamo hujja.

Ita wannan jingar, sake rubuta jimlar farko ta kowane sakin layi kawai, kada ka taɓa sauran tukuna, ka turo su nan zauren kafin Juma'a mu duba tare. Ka haɗo da hoton gefen da ya yi rubutun da jan biro, ina son in ga ko akwai inda ya sa alama ban da waɗannan 'yan kalmomin.