Zauren Iyali: Hidimar Sallah Ba Tare da Bashi Ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Katsina, ina da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu. Albashina naira 150,000. Hayar gida 240,000 ce a shekara, kuɗin makarantar yara 30,000 kowane zango. Bara azumi da ƙaramar Sallah sun ci 110,000 bayan cefanen da aka saba, babbar Sallah ta ci 160,000. Duka da bashi na yi su, har yau ban gama biya ba. Ina mafita?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya warware. Tunda ka riƙe lissafinka, aikin ya zo da sauƙi. Haya 240,000, makaranta zango uku 90,000, Sallah biyu 270,000. Jimla 600,000, wato 50,000 a kowane wata. Ka ga ke nan abin da gidanka zai iya ci a wata 100,000 ne, ba 150,000 ba. Duk watan da aka cinye albashin kakaf, an taɓa kuɗin mai gidan haya da na tela da na mai rago, kuma bashi ne zai cike gurbin.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan hidimomi da ke zuwa ba zato. Abin da ke kayar da magidanta shi ne yadda suke zuwa a jere: azumi wata guda, sai ƙaramar Sallah, bayan kwana saba'in babbar Sallah. Cikin kwana ɗari ake son ka fitar da kusan albashin wata biyu. Kuma kowace shekara Sallah tana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya, don haka tsakanin Sallar bara da ta bana albashi sha ɗaya kawai ka tabbatar za ka karɓa. Idan kana son lissafin ya fi tsauri, raba kuɗin Sallah gida sha ɗaya.

Ranar da albashi ya shigo, kafin cefane, ka ware kason nan. Na haya da makaranta, 27,500, ba a taɓa shi. Ka sa shi a asusun banki daban wanda ba ka da katinsa, ba ka kuma sa manhajarsa a waya ba, domin kuɗin da ke kusa da yatsa ba ya kwana. Na Sallah, 22,500, shi ne mai sassauci. Idan 100,000 ba za ta ciyar da mutum shida ba, kuma tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da wuya ta isa, to Sallar za a rage, ba tuwon yara ba. A bana ma shawararmu ita ce rabin wannan kaso ya tafi biyan tsohon bashi har ya ƙare.

Sai littafin cefane. Ku sayi ƙaramin littafi kai da uwargida, ku rubuta duk abin da ya fita na kwana talatin, har naira hamsin ta ruwan leda. Kada ku canza komai a watan farko, rubutu kawai. Yawanci ɓarakar ba a buhun shinkafa take ba. Tana cikin katin waya da data, kuɗin adaidaita, kuɗin tara na yara, anko da gudummawar biki, da sayen ƙulli-ƙulli: man girki na ɗari biyu, sukari na ɗari, omo na ɗari da hamsin. Mai ƙulli yana cin ribarsa a kowace leda. Ku auna da kanku: ƙulli nawa ke cika kwalba ɗaya, nawa kuma ake sayar da kwalbar. Kuma a yi wannan zama da girmamawa. Matar da aka mayar da littafin cefane takardar tuhumarta za ta daina rubuta gaskiya, kuma tana da hujja.

Kayan sawa a saye su wata biyu kafin azumi, lokacin da Kantin Kwari da shagunan unguwa ba su cika ba, tela kuma bai ƙara kuɗin ɗinki ba. Ka guji kayan biya-a-hankali: shaddar da ake sayarwa 20,000 kuɗi hannu, idan aka ba ka ita a 26,000 zuwa wata huɗu, ka biya ƙarin kashi talatin cikin ɗari. Ɗinki ɗaya mai kyau, a ɗan sake shi a tsawo da faɗi, zai yi wa yaro Sallah biyu. Zakkar fidda kai kuma ka ware ta tun farkon azumi daga abincin gida: sa'i ɗaya ga kowane mutum, kimanin kilo biyu da rabi zuwa uku, ku shida.

TAMBAYA: Ni ɗan kasuwa ne a Gusau, bana ciniki ya ja baya. Ina jin kunyar maƙwabta su yanka ni ban yanka ba. In ranci kuɗin rago?

AMSA: Alhaji, kada ka ranta. A mazhabar Malikiyya layya sunna ce mai ƙarfi a kan wanda kuɗinta ba zai takura shi a buƙatunsa na dole ba. Bashi kuwa haƙƙin wani ne, biyansa wajibi. Idan kana da kuɗin da ka tabbatar za su shigo kwanan nan, wannan magana ce daban, ka kai ta wurin malaminka. Amma rance don idon maƙwabta ba ibada ba ne.

Akwai hanyoyi tsakanin babban rago da zama haka nan. Tunkiya ko akuya da ta cika shekara ta shiga ta biyu ta isar, matuƙar ba mai ido ɗaya ba ce, ko gurguwa, ko mara lafiya, ko ramammiya sosai. Dabba ɗaya ta wadatar maka da iyalin da kake ciyarwa idan ka sa su cikin niyya. Kwanakin yanka uku ne, kuma sau da yawa masu dabbobi sukan sassauta a ranar Sallah da washegari don kada su koma gida da su, kodayake a shekarar da dabbobi suka yi ƙaranci hakan ba ya faruwa. Idan nama ne kawai ake so yara su ci, ku yi watanda, ku haɗa kuɗi ku sayi sa ku raba. Sai dai ka sani Malikiyya ba su yarda a haɗa kuɗin dabbar layya ba, wasu mazhabobin kuma sun yarda mutum bakwai su haɗu a kan saniya.

Don baɗi, masu fili a gida za su iya sayen ɗan rago wata huɗu ko biyar kafin Sallah. A lissafa dusa da harawa da magani tukuna, a kuma yi masa rigakafi wurin likitan dabbobi. Kada a cika masa hatsi ko ragowar tuwo lokaci ɗaya: cikinsa kan kumbura, wani lokaci ya mutu cikin kwana guda. A riƙa ƙara dusa kaɗan-kaɗan cikin mako biyu.

TAMBAYA: Na sayi buhun wake da na masara da kaka don sauƙi, kafin wata uku ƙwari sun cinye waken, masarar ta yi fumfuna. An ce in sa maganin ƙwari. Daga wata uwargida a Zariya.

AMSA: 'Yar uwa, dabarar da kika yi daidai ce, ajiyar ce ta ba ki matsala. Hatsi ya fi araha daga Oktoba zuwa Disamba, ya fi tsada da damina kafin sabo ya shigo. Amma a sayi na ci kawai. A 2025 farashin masara ya faɗi, waɗanda suka tara don riba suka yi asara. Ki ƙirga tiya nawa gidanki ke ci a mako. Idan biyar ce, wata guda tiya ashirin ke nan, buhu mai tiya arba'in zai kai ku wata biyu.

Fumfuna daga danshi take. Masarar sabuwar kaka sau da yawa ba ta gama bushewa ba ake kawo ta kasuwa. Ki shanya ta a kan tabarma ko leda, ba a ƙasa ba, kwana biyu ko uku a rana mai ƙarfi, ki sheƙe ta, ki tsince fasassu da masu baƙi. Ga gwaji: ki sami kwalba busasshiya, ki zuba masara kashi ɗaya cikin uku, ki ƙara cokali biyu na gishirin da aka busar sosai, ki rufe ki girgiza, ki bar ta minti goma sha biyar, ki sake girgizawa. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran danshi. Masarar da ta riga ta yi fumfuna kada a ci, kada a ba kaji ko dabbobi. Tana iya ɗauke da guba mai lalata hanta, wadda dafuwa ba ta kashewa.

Ƙwaron wake kuwa tun daga gona yake zuwa, ƙwansa na jikin ƙwayar. Maganinsa hana shi iska. Ki nemi buhun PICS a shagon kayan gona, mai leda biyu masu kauri a ciki da buhu a waje. Ki hura kowace leda ki tabbatar ba ta da huji. Ki sa ɗaya cikin ɗaya, ki zuba waken da ya huce daga zafin rana, ki danne iskar ta fita, ki murɗe bakin ledar farko, ki naɗe shi ki ɗaure. Haka ta biyu, haka buhun waje, kowanne da ɗaurinsa. Ki ɗora a kan katako, nesa da bango. Ƙwarin za su shanye 'yar iskar da ta rage su mutu. Abu biyu ke lalata wannan aiki: ɓera ya huda ledar, ko a riƙa buɗe ta kullum ana ɗiba. Don haka ki ware na wata guda a wani mazubi. Jarka mai lita 25 ma tana aiki, tana cin wake kimanin kilo 20, idan an cika ta har wuya, an sa leda a baki an rufe gam. Ban da wadda aka taɓa zuba fetur ko magani.

Maganin ƙwari kuwa muna roƙonki ki bar shi. Ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhu iska mai guba take fitarwa, kuma tana kashe mutum idan hatsin yana ɗakin da ake kwana. Sniper ba a yi shi don abinci ba. Irin sinadarinsa da aka samu a waken Najeriya ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken a 2015.

TAMBAYA: Yarana suna dawowa daga yawon Sallah da kuka, wai 'ya'yan maƙwabta sun fi su kaya. Abin yana sosa mini rai. Yaya zan koya musu godiya?

AMSA: Maman yara, kukan ba laifi ba ne, kada ki dake su, kada kuma ki ce musu marasa godiya. Yaro daga bakin iyayensa yake koyo. Idan yana jin ana cewa "bana dai ba mu yi Sallah ba," shi ma abin da zai faɗa ke nan. Idan kuma yana jin kin gode wa mahaifinsu a gabansu kan abin da ya kawo, komai ƙanƙantarsa, zai ɗauka.

Ki sanar da su tun da wuri abin da za a yi: kowa ɗinki ɗaya, takalmin bara za a wanke a goge. Ki bar su su zaɓi launi. Manyan, daga shekara goma, a nuna musu lissafin a taƙaice. Ranar Sallah su za su kai tuwo da nama gidan maƙwabta da marayu da hannunsu, su kuma zaɓi cikin tsofaffin kayansu masu kyau wanda za a bayar. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da mu dubi wanda ke ƙasa da mu a abin duniya, don kada mu raina ni'imar da aka yi mana, kuma yaro ba zai gane hakan ba sai ya shiga irin gidajen nan. Barka da Sallar da suka samo a ƙirga tare da su, a bar musu wani abu su kashe, sauran a sa a asusu da sunansu. Kada a karɓe da alkawarin da ba za a cika ba, suna riƙewa.

TAMBAYA: Naman layyarmu yakan yi wari kafin mako biyu duk da an soya.

AMSA: Ruwa ne bai fita ba. A shekarun nan babbar Sallah tana faɗowa ƙarshen bazara da farkon damina, ga zafi ga danshi. Kayan ciki da hanta a gama da su ranar farko. Tsokar a rataye ta ta sha iska, kada a tara ta a leda ko a roba mai murfi. A yanka ƙanana, a tafasa da gishiri da kayan ƙamshi har ruwan ya tsotse, sannan a soya a wuta matsakaiciya har mai ya daina kumfa da ƙara. Wuta mai ƙarfi tana ƙona baya ta bar ciki da ruwa. A baza a kwando ya huce sarai kafin a rufe, don gumin nama mai ɗumi shi ke kawo fumfuna. A ɗiba da busasshen cokali, a sake soyawa bayan kwana huɗu ko biyar. Wanda ake son ya daɗe a mayar da shi dambun nama. Masu firji su ƙulla na girki ɗaya-ɗaya, kuma idan an ɗauke wuta naman ya narke har ya daina sanyi, a dafa shi a ranar, kada a mayar.